Tsakanin Fari da Baƙi: Sautin da Fiyano Bai Sani Ba

Akwai wani hukunci da ya daɗe yana yawo a bakin ƴan boko masu sha'awar kiɗa a ƙasar nan, tun daga malamai masu koya wa yara waƙar bikin ƙarshen shekara har zuwa masu ɗaukar sauti a situdiyo. Da zarar an haɗa mai goge ko mai gurumi da mai fiyano wuri ɗaya, aka ji sautukan biyu suna gogayya, sai a juya wajen mai goge a ce ya gyara, wai kiɗansa ya karkace. Galibi da Faransanci ake yanke hukuncin, da kalma ɗaya tak: faux. Da wuya ka ji an juya wajen mai fiyano, domin an ɗauka na'ura ba ta kuskure.

Amma duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwar Madawa ko ta Buza ya san tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba. Mai hankali, kafin ya ce an tauye shi, sai ya tambayi da wace tiya aka auna. Wannan ita ce tambayar da ya kamata mu yi wa fiyano. Domin amsa ta za mu bi ta kan wata ƴar tazara ƙarama tsakanin sautuka biyu, wadda masana kiɗa ke kira seconde neutre da Faransanci, mu kuma za mu kira ta taki tsaka-tsaki. Ƙarama ce, amma tarihinta ya kusa shekara dubu biyu a rubuce, kuma akwai darasi a cikinta ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu.

Mene ne taki tsaka-tsaki?

Idan aka taɓa tsirkiya sai ta yi ta kaɗawa, kuma yawan kaɗawar ne ke sa sauti ya yi sama ko ya yi ƙasa. Sautin da ake kira la a makarantun boko yana fitowa ne idan tsirkiya ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa ɗaya. Idan ta kaɗa sau 880, kunne zai ji kamar sautin farko ne ya dawo da siririyar murya, kamar yadda namiji da mace kan rera waƙa ɗaya, shi a ƙasa ita a sama. Wannan tazara mu kira ta ninki, tunda kaɗawar ce ta ninku.

Turawa sun raba ninki gida 12 daidai wa daida. Kowane gida rabin taki ne, gida biyu kuma cikakken taki. Waɗannan gidaje 12 su ne maɓallan fiyano, bakwai farare biyar baƙaƙe. A 1885 wani Bature ɗan Ingila mai suna Alexander Ellis ya bazu da wani ma'auni mafi ƙanƙanta, inda ya raba kowane rabin taki gida 100. Bari mu kira kowane ɗaya ɗigo. Ke nan rabin taki ɗigo 100 ne, cikakken taki 200, ninki kuwa 1200.

To, mu tashi daga la mai kaɗawa 440. Maɓalli na gaba baƙi ne, kaɗawarsa 466. Na gaba da shi fari ne, shi ne si, kaɗawarsa 494. Tsakanin 466 da 494 fiyano ba shi da komai. Amma tsirkiya ba ta san da wannan doka ba, haka maƙogwaron ɗan Adam. Suna iya tsayawa a kan 480, kuma 440 da 480 dangantakarsu mai sauƙi ce: duk lokacin da na farko ya kaɗa sau 11, na biyu ya kaɗa sau 12. Wannan rabo na 12 bisa 11 ya kai ɗigo 151. Ya fi rabin taki, bai kai cikakke ba. Shi ne taki tsaka-tsaki.

Yana da ƴan'uwa. Rabon 13 bisa 12 ɗigo 139 ne, na 11 bisa 10 ɗigo 165. Wanda ya raba ninki gida 24 maimakon 12, ya ɗauki gida uku, zai samu ɗigo 150 cif. Saboda haka taki tsaka-tsaki ya fi kama da unguwa mai gidaje da yawa, wadda take tsakanin baƙin maɓalli da fari, kuma babu ko gida ɗaya na unguwar da ke da ƙofa a jikin fiyano.

Fiyano ma sulhu ne

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san asalin tiyar da ake auna mu da ita. Tun zamanin Girkawan dauri aka lura cewa sautukan da suka fi dacewa da juna a kunne su ne waɗanda kaɗawarsu ke da rabo na ƙananan lambobi: 2 bisa 1, wato ninki, 3 bisa 2, wato daga do zuwa sol, 4 bisa 3, daga do zuwa fa. Daga baya aka ba 5 bisa 4 matsayinsa, wato daga do zuwa mi. Ɗaure tsirkiya bisa irin wannan rabo shi ne saiti na tsantsar lissafi. Yana da tushe a halittar sauti, domin tsirkiya ɗaya idan ta kaɗa, ban da babban sautinta, tana fitar da wasu ƙanana a ɓoye, masu kaɗawa ninki biyu, uku, huɗu, haka har sama. Na 11 da na 12 suna cikin jerin, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce takin da muke magana a kai.

Sai dai wannan saiti yana da matsala ga kayan kiɗa mai maɓallai. Idan aka jera tazarar 3 bisa 2 sau 12 a kan juna, ya kamata a dawo kan sautin da aka faro, amma sai a zarce shi da ɗigo 23 da ƴan kai. Wannan rarar ta hana makaɗan Turai barci ƙarni da ƙarni. Maganin da aka tsaya a kai daga ƙarshe shi ne a ɗan rage wa kowace tazara kaɗan, a raba asarar ga kowa. Wani basarake masani ɗan ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da lissafin a 1584, Simon Stevin kuma ya yi irinsa a Turai a wajen wannan lokaci, amma sai a ƙarni na 19 tsarin ya mamaye fiyanon Turai.

Sakamakon shi ne, in ban da ninki, babu tazara ko ɗaya a jikin fiyano da ta zauna kan tsantsar lissafi. Daga do zuwa sol ɗigo 700 ne maimakon 702, bambancin da kunne ba ya damuwa da shi. Daga do zuwa mi kuwa ɗigo 400 ne maimakon 386, kuma wannan rata ta 14 kunnen da ya ƙware yana jin ta. An yi wannan sulhu ne da dalili mai kyau: kiɗan Turai yana son haɗa sautuka da yawa lokaci ɗaya, yana kuma son tashi daga wannan gida ya koma wancan a tsakiyar waƙa. Tiyar ta dace da kasuwarta. Waƙarmu ta gargajiya kuwa akasari tana zaune ne a gida ɗaya daga farko har ƙarshe, jagora ya bayar, ƴan amshi su karɓa, ƙawarta tana cikin lanƙwasar murya da zubin kalmomi da bugun ganga. Asarar da Turawa suka yarda da ita domin su sami ribar sauya gida, mu idan muka ɗauke ta, mun biya kuɗin abin da ba mu saya ba.

Waɗanda suka raɗa masa suna

A ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, masanin taurari Batlamus na birnin Iskandariyya ya rubuta littafi kan lissafin sauti. A ciki ya kawo wani jeri da ya ginu kan lambobi 12, 11, 10 da 9, wanda takinsa biyu tsaka-tsaki ne. Ya bayyana cewa da farko jerin kan zo wa kunne kamar baƙon abu mai ƙauyanci, amma idan an saba sai a ji taushinsa. Wato tun a wancan zamani an san kunne abin horarwa ne.

Waɗanda suka ba wannan taki gida na dindindin su ne makaɗan daular Abbasiyya. A Bagadaza, zamanin Haruna Rashidu, an yi wani gwanin kaɗa ud, wato garayar Larabawa, mai suna Mansur Zalzal. A lokacin akwai wurare biyu sanannu da ke ba da sauti na uku a jikin tsirkiya, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Zalzal ya ɗora ɗan yatsansa na tsakiya a tsakaninsu. Wurin ya karɓu, har aka riƙa kiran sa da sunansa, wustar Zalzal. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya auna wurin a babban littafinsa na kiɗa ya ba shi rabon 27 bisa 22, wanda ke nufin daga manuniya zuwa ɗan yatsan Zalzal 12 bisa 11 ne daidai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya sake awo ya tsaya kan 13 bisa 12. Manyan masana biyu, ɗan yatsa ɗaya, amsa biyu, da ratar ɗigo 12 a tsakani. A nan akwai abin lura: makaɗi ne ya fara ɗora yatsa, masu lissafi suka biyo baya da alƙalami.

A ƙarni na 19 Mika'ilu Mishaƙa, mutumin ƙasar Sham, ya yaɗa tsarin raba ninki gida 24. A 1932 Sarki Fu'ad na Ɗaya ya kira babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira, inda makaɗa daga Maroko har Iraƙi suka haɗu da masanan Turai irin su Bela Bartok da Paul Hindemith da Curt Sachs. An yi ta muhawara kan ko gidaje 24 ɗin za su zama daidai wa daida, aka tashi ba a daidaita ba. An kuma yi jayayya kan shigar da fiyano cikin kiɗan Larabawa, abin mamaki wasu daga cikin baƙin Turawan ne suka fi jan kunne a kan haɗarinsa. Har yau sautin da Larabawa ke kira sika ba wuri ɗaya yake zama ba a Alƙahira da Halab da Santambul.

Mai karatu na iya cewa wannan labarin nesa ne. To, amma kunnensa ya riga ya san sautin. Ƙira'ar Alƙur'ani ba waƙa ba ce, kuma tana da ƙa'idojinta na tajwidi da suka sha gaban komai. Duk da haka murya ce ke hawa da sauka. Manyan makarantan Masar da kasat ɗinsu suka cika gidajenmu da kasuwanninmu, irin su Abdul Basit Abdus Samad da Minshawi, bisa al'adar ƙasarsu sukan buɗe karatu da salon murya da ake kira bayati. Takin farko na bayati da na biyu duka tsaka-tsaki ne. Babu wanda ya taɓa sauraron Abdul Basit ya ce muryarsa ta karkace, alhali kuwa da za a bi shi da fiyano, tun a taki na farko za a rabu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda Larabawa suka yi da na'ura. Da yake sautin yana da suna, yana da littattafai, yana da malamai masu kare shi, kamfanoni ne suka bi su. Yamaha da takwarorinsa suna ƙera fiyano na musamman domin kasuwar Gabas ta Tsakiya, mai ƴan maɓallai a gefe da ake dannawa a sauke kowane sauti da ɗigo 50. Abin da ke da suna ana yi masa wuri. Wanda ba shi da suna kuwa, kuskure ake kiran sa.

Mu dawo gida

Ƙasar Azarori, a gundumar Madawa ta jihar Tawa, wuri ne da ya dace a yi wannan tunani a kansa, domin mahaɗa ce. Nan ne ɗaya daga cikin mazaunan sarautar Abzinawa Kel Geres, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga Abzin a ƙarni na 18, suka shahara da ayarin gishiri tsakanin hamada da ƙasar Hausa, suka zauna kafaɗa da kafaɗa da Hausawa manoma. Al'ummomin biyu kowace ta gaji kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya ta gashin doki da ake gogawa da baka: Hausawa goge da kukuma, Abzinawa anzad, wanda mata ke kaɗawa, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon ɗan Adam a 2013 da sunan ƙasashen Aljeriya da Mali da Nijar.

Duk wanda ya dubi waɗannan kaya da kyau zai ga abu ɗaya. Jita tana da ƙarafa da aka gitta a wuyanta, masu tilasta wa yatsa tsayawa a gidajen nan 12. Goge ba shi da su, haka anzad, haka gurumi da molo da garaya da kuntigi. Yatsa na iya sauka ko'ina. Mai algaita yakan lanƙwasa sautin da ƴan ƙofofinta suka ba shi. Mai kalangu da hammatarsa yake matse tsirkiya, ya hau da sautin ko ya sauko da shi ba tare da tsani ba. Kayan kiɗanmu, in ka ɗebe kaɗan, an ƙera su ne domin su bi murya, muryar kuma tana bin harshe.

Harshen Hausa kuwa mai karin sauti ne. Da karin ne ake rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya. Masana harshe sun nuna cewa a cikin jimla karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa ba ya komawa inda na farko ya tsaya, sai ya ɗan sauka, haka jimlar za ta yi ta gangarowa har ƙarshe. Wato hawa da saukar maganarmu ba su da matakala ƙayyadaddu. Mawaƙin da ke ɗora kalmomi a kan waƙa dole ya lallaɓa tsakanin buƙatar waƙa da buƙatar harshe, kuma a wannan lallaɓawar ake gane gwani. Akasarin waƙoƙinmu kan sautuka biyar suke tafiya, da manyan giɓi guda biyu a cikin ninki, kowanne wajen taki ɗaya da rabi. Lissafi ya nuna wani abu mai ban sha'awa a nan: idan giɓin ya kasance 6 bisa 5, to 12 bisa 11 da 11 bisa 10 ne ke raba shi biyu ba saura. Muryar da ta ɗan yada zango a tsakiyar giɓi irin wannan, a unguwar taki tsaka-tsaki ta sauka.

Sauran ƙasashen Afirka ma suna da nasu awon. Balafon ɗin Mandinkawa na Gini da Mali, da timbila ta Copi a Mozambik, masu bincike sun same su kusa da raba ninki gida bakwai daidai, kowane gida wajen ɗigo 171. Amadinda ta Buganda kusa take da gida biyar, kowanne wajen ɗigo 240. Babu ɗaya daga cikinsu da ya faɗa kan maɓallan fiyano, kuma masu ƙera su sun san abin da suke yi sarai.

Sai dai akwai bambanci mai tayar da hankali tsakanin balafon da goge. Saitin balafon a jikin itace aka sassaƙa shi; ko mai shi ya mutu, wanda ya buga zai ji awon da ya bari. Saitin goge da anzad da gurumi kuwa a yatsa yake da kunne. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai ta tara kayan kiɗan gargajiya, aiki ne abin yabo. Amma gogen da aka rataye a bango ƙwarya ce da fata da gashin doki kawai. Inda yatsa ke sauka ya tafi tare da mai yatsan. Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurumi, wanda ya rasu a 2018, ya fahimci haka: da ya so ceto biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, tattaki ya yi zuwa tafkin Cadi ya zauna gaban tsohon da ya iya. Irin wannan ilimi daga hannu zuwa hannu yake tafiya, idan aka tsallake tsara ɗaya ya yanke.

A nan ya kamata a guje wa ramuka biyu. Na farko shi ne wanda muka faro da shi, auna komai da do, re, mi. Yaran ƙasar nan tun daga 1961 har zuwa 2023 da taken ƙasa da Faransawa suka tsara suka riƙa buɗe ranar makaranta, ba abin mamaki ba ne idan mai ilimin boko ya ɗauka waɗannan matakai su kaɗai ne matakai. Rami na biyu shi ne na mai zumuɗi, wanda da ya ji labarin Zalzal sai ya ce ai kiɗanmu ma rubu'in takin Larabawa ne, ko ya ce 12 bisa 11 ne doka ta halitta. Wannan sauya tiyar aro ce da wata tiyar aro. Shi kansa Ellis, bayan ya auna kayan kiɗan al'ummomi da dama, abin da ya tsaya a kai shi ne jerin sautuka ba ɗaya ba ne a duniya, kowace al'umma ita ta ƙera nata. Amfanin taki tsaka-tsaki a gare mu shi ne ya zama shaida cewa tsakanin fari da baƙi akwai wurin zama na halal. Inda namu makaɗa suke zama kuwa, daga hannunsu za a karanta.

Zamanin fiyano da na'urar gyaran murya

Daga shekarun 1990 kiɗan fiyano ya mamaye finafinan Hausa na Kano, ya ƙetaro ta Maraɗi da Ƙonni a cikin kasat, sannan faifai, sannan wayar hannu. Fiyanon yana kwaikwayon muryar kalangu da sarewa da goge, amma a kan matakansa 12. Abin da kunne ke ji goge ne a launi, fiyano a taki. Sai kuma a 1997 aka fito da manhajar Auto-Tune a Amurka, wadda aikinta shi ne ta saurari murya ta ja ta zuwa maɓallin da ya fi kusa. Mu tuna da sautinmu mai kaɗawa 480. Tsakaninsa da baƙin maɓalli ɗigo 51 ne, tsakaninsa da fari 49. Yana tsaye a kan iyaka, motsi kaɗan sai na'urar ta wurga shi nan, ta sake wurga shi can. A idonta, wurin da Zalzal ya yi suna da shi kuskure ne mafi girma da murya ke iya yi.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Matasa ba su ɗauki wannan na'ura domin ɓoye rashin iyawa kawai ba, sun mai da ita kayan kiɗa. Misali na kusa shi ne Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, da muryar da aka bi da ita ta cikin na'urar bisa salon situdiyon Hausa. Waƙoƙin sun bazu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel kafin su kai Turai da Amurka. Wanda ya saurare su da zuciya ɗaya zai yarda akwai kyau a ciki: muryar tana rawa kamar ƙarfe mai sheƙi, kuma kewar da ke cikin waƙar Abzinawa ba ta ɓace ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da za a zarga shi ne rashin zaɓi. Idan kowace murya daga Agadas zuwa Zariya ta tsani ɗaya take hawa, yaron da ya tashi da wannan a kunne, ran da ya ji tsohuwa tana kaɗa anzad, shi ma faux zai ce, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Abin takaicin shi ne takurar ba dole ba ce. Fiyano da yawa na zamani suna da wurin da ake ɗaga ko sauke kowane sauti ɗigo-ɗigo, ita kanta Auto-Tune tana da jeri iri-iri ban da na Turai. Ana barin su ne yadda suka fito daga kwali, domin babu wanda ya ba mai situdiyo wani awo ya ce ga namu. Gasar kiɗan zamani da aka kafa a Tawa a shekarun 1980 sunan makaɗin gargajiya aka sa mata, Ɗan Gurmu. Karramawa ce mai kyau. Wadda ta fi ta ita ce a ce jita da fiyanon da ke hawa dandalin sun koyi sauka inda yatsun irin su Ɗan Gurmu ke sauka.

Abin da ke hannunmu

Malamin makaranta ba ya buƙatar kuɗi mai yawa kafin ya buɗe kunnen ɗalibansa. Katako ɗaya, ƙusa biyu, wayar birkin keke, da ƴan itatuwa biyu a matsayin jaki, a bar santimita 60 tsakaninsu. A sa alama a santimita 3 da milimita 4 daga jaki ɗaya, nan ne rabin takin fiyano. A sa wata a santimita 6 da rabi, nan ne cikakken taki. A sa ta uku a santimita 5 cif, wato kashi ɗaya cikin 12 na tsawon wayar: wannan shi ne 12 bisa 11. Yara su danna, su saurara, su rera. A darasi ɗaya an koyar da kasafi da kimiyyar sauti da tarihi, an kuma nuna musu da idonsu cewa tsakanin alamar farko da ta biyu akwai fili.

Ƙungiyoyin al'adu na Azarori da Madawa da Buza da Keita kuwa aikinsu shi ne su riski tsofaffin masu goge da gurumi da anzad tun suna da ƙarfin yatsa. A ɗauki sautinsu su kaɗai, ba fiyano ba jita, a rubuta sunan mai kiɗa da garinsu da wanda ya koya masa da ranar ɗauka, da yardarsa da kuma hakkinsa. A ɗauki waƙa ɗaya sau da yawa a ranaku daban, domin a rarrabe abin da yake yi kullum da abin da ya zo bisa tsautsayi. Wayar hannu ta yau tana ɗaukar manhajar da ke nuna ɗigon sauti, abin da a da sai a jami'a.

Amma awo kaɗai ba ya isa, sai an tambayi mai abu. A ƙarshen shekarun 1980 Simha Arom da abokan aikinsa sun kai wa makaɗan Afirka ta Tsakiya na'urar da ake sauya wa saiti, suna kunna musu awo iri-iri, makaɗan suna cewa wannan namu ne, wannan ba namu ba, wani lokaci su gyara da hannunsu. Ta haka aka gane faɗin filin da suke yarda da shi da iyakar da ba sa ƙetarewa. Alƙalin shi ne makaɗi. Haka ya kamata a yi a nan, a kuma tattara kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su idan suna gyara wa yaransu hannu, da Hausa da Tamajak. Tun da a 2025 aka ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, za a buƙaci kalmomin koyar da kiɗa a aji. Gara a fara nemo su a bakin makaɗa kafin a zauna fassara na Faransanci.

Daga ƙarshe, masu shirya gasa da masu horar da ƙungiyoyin makarantu su sauya tsarin zama. Idan goge da fiyano suka haɗu a kan waƙar gargajiya, goge ne mai gida, fiyano baƙo. Baƙo shi ke tambayar inda alƙibla take. Zalzal bai bar littafi ba, yatsa kawai ya ɗora, amma ya sami waɗanda suka ɗauki yatsan da muhimmanci har suka auna shi suka rubuta, shi ya sa bayan shekara fiye da dubu kamfanin ƙasar Japan yake yi masa maɓalli. Makaɗanmu sun daɗe da yin nasu rabon aikin. Saura na masu alƙalami. Allah ya ba mu kunnen ji.